Wanzamin Ɗan Isa

Ƙarfe tara da kwata na safiyar wata Juma'a, cikin damina, Baba ya dubi kwanon ruwan ɗumin da na ajiye a gabansa ya ce, "Bari yau, Uwata." Na riƙe lokacin ne saboda agogon bangon ɗakinsa yana saitin inda nake durƙusawa. Na riga na tayar da kumfa, na saka sabuwar reza, na shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa don tarar gashi. Na tsaya da buroshi a hannu ina jiran ya ƙara wata magana. Ya jawo hularsa ya rufe kansa, ya ɗauki rediyo ya shiga neman tasha.

Uwata yake ce mini don sunan mahaifiyarsa na ci. Ni ce ta biyu a gidanmu, daga Yaya sai ni, kuma tun ina ƙarama aka san ni da rashin magana. In baƙi suka zo, nakan gaishe su in koma lungu da littafi. Har yau in aka ce in yi magana a gaban aji sai in nemi hanyar zamewa.

Baba ya yi tuƙin babbar mota tsakanin Katsina da Maraɗi da ƙuruciyarsa, daga baya ya zauna a bakin boda a Magama yana taya 'yan kasuwa sha'anin takardun kaya. A can ne wani abokinsa ma'aikacin duwan, wato kwastan na Nijar, ya ba shi abin askin nan. Ƙarfe ne mai nauyi da ɗan guntun mariƙi, ana kwance shi gida uku a sa reza mai baki biyu a tsakiya a mayar a ɗaure. Razuwar yake kiransa, yadda mutanen can ke faɗi. Fatar Baba ba ta son kilifa, da ta taɓa shi ƙeyarsa za ta feso da ƙuraje. Saboda haka shekara da shekaru shi yake yi wa kansa aski duk Juma'a: kai ƙwal, kumatu da wuya fes, gemu kuwa ya bar shi a haɓa ya daidaita bakinsa da almakashi.

Ina aji biyar na sakandare hannunsa na dama ya fara rawa. Ni na fara ganewa, don ni ke wankin hulunansa, sai na riƙa ganin ɗigon jini a cikinsu. Wata Juma'a na kai masa kunu na tarar da shi zaune a bakin gado, rabin kansa da kumfa har ta bushe, razuwar a hannunsa tana kaɗawa. Na ajiye kofin. Ban san abin da ya ba ni ƙarfin hali ba, na miƙa hannu na karɓa.

"Kin iya?" ya ce.

"A'a."

"To zo in koya miki. Tura ƙofa, iska na busar da kumfa."

Haka muka fara. Ya koya mini kada in danna, nauyin ƙarfen ya isa. Ya koya mini in fara shafa kan da tafin hannu in ji inda gashin ya kwanta, in bi shi tukuna kafin in gitta shi. Akwai wani tabo a ƙeyarsa, na ƙofar mota da ta buge shi a Gidan Rumji, wanda sai an ja fatar da yatsa biyu a zagaye shi. Bayan kunne akwai wani ninki da ke ɓoye gashi. Ƙarƙashin muƙamuƙinsa na hagu gashin juyawa yake yi kamar cibiyar ruwa. Duk na haddace su kamar yadda nake haddace karatu, na ma fi. In na gama, in wanke da ruwan sanyi, in goga alif, in jira ya tsotse, in shafa man kaɗe kaɗan. Gashin kuma in naɗe shi a jaridar in kai gindin dogon yaro na bayan gida in binne, don Baba ba ya yarda a bar gashinsa a shara.

Sabulun daga Bugaje yake zuwa. Gwaggo, yayar Baba, ita ke dafa shi da man kaɗe da man aduwa da ruwan tokar karan gero, ta zuba a ƙananan gwangwanayen madara. Na sayarwa daban, na ƙanenta daban, nasa ta fi sa masa mai. In an kawo ba a taɓa shi nan take, sai ya kwana biyu a saman kabad ya yi tauri, ƙarfin tokar ya mutu. Kumfarsa ba ta da yawa kamar ta sabulun kanti, amma tana da kauri da santsi, ga wani ɗan ƙamshin hayaƙi da har yanzu in na ji shi sai in tuna ɗakin Baba.

A wannan zaman na Juma'a ne kaɗai nake da baki. Wanda ake yi wa aski ba ya kallonka, ni kuma kallo ne ke hana ni magana. Ina tsaye a bayansa nakan ba shi labarin littafin da nake karantawa, shi kuma ya ce marubucin bai taɓa kwana a tasha ba. Ya ba ni labarin hanyar Maraɗi kafin a zuba kwalta, da yadda jandarmomi ke gane baƙon direba daga yadda yake taka birki. Wani lokaci ya yi dariya sai in ɗaga rezar in jira. In na gama yakan shafa kansa daga goshi zuwa ƙeya ya ce, "Hannun Uwata kenan." Ba ya ƙara komai, ni kuma ba na neman ƙari.

Da na samu kwaleji a Katsina ban yarda abin ya yanke ba. Duk Alhamis da la'asar nakan hau mota zuwa gida Jibiya, a kan hanyar da kowa ya san yadda take, shinge bayan shinge, kowa a motar yana addu'a a ciki. Akwai darasin da ake yi mana Juma'a da safe, na haƙura da shi, ina kwafa wurin wata ƙawata. Inna ta sha yi mini faɗa a kan hanyar nan. Baba bai taɓa cewa in daina ba.

Ranar da ya ce in bari, na ɗauka ba ya jin daɗi ne. Garin ma duk ba daɗi, don a makon nan ne aka rufe boda. Manyan motoci sun yi layi har ba a ganin ƙarshensu, direbobi na girki a ƙarƙashinsu, albasa na ruɓewa a buhu. Baba da sauran masu aikin takardu sun koma zaman majalisa a ƙofar wani shagon magani kusa da tasha. Na ce a raina damuwa ce. Na zubar da kumfar, na wanke buroshi na rataye shi.

Juma'a ta gaba ya ce, "Bari dai." Ta bayanta ma kafin in ɗora ruwa ya riga ya fita.

Sai na shiga neman laifina. Na tuna askin ƙarshe daki-daki, ko na yanke shi ban lura ba. Na duba hulunansa, babu jini. Na kwance razuwar na goge ta da tsohon buroshin haƙori, na ɗaga ta a rana ko murfin ya lanƙwashe. Na sauya irin rezar da nake saya. Na ɗanɗana sabulun a kan harshe yadda Gwaggo ta nuna mini, don in toka ta yi yawa yakan yi yaji, ban ji komai ba. Duk da haka na hau babur har Bugaje na tambaye ta ko ta sauya wani abu a dahuwar ƙarshe.

"Ni da sabulu tun ba a haifi ubanki ba," ta ce. "In ya ce da yaji, ki ce mashi bakinshi ne."

"Bai ce ba, Gwaggo."

"To mi ya kawo ki cikin ruwan nan?"

Na yi mata sallama. Na dawo da gwangwani biyu na jera a saman kabad.

Na tambayi Inna tana tankaɗe. Ta ce, "Mutum ba ya gajiya da abu? Ƙyale shi." Ba ta ɗago ba. Na tambayi Yaya, ya ce, "Ki huta mana, malama. Ko albashi aka tsayar miki?" Ya yi dariya ya buga babur ɗinsa ya tafi.

Gashin Baba ya fito, fari fat, ban taɓa sanin furfurarsa ta kai haka ba. Ya riƙa sosa kai ta ƙarƙashin hula. Da abin ya ishe shi ya je shagon masu kilifa na bakin tasha. Kafin mako ya zagayo ƙeyarsa ta feso, wuyan rigarsa ya fara ɓaci. Ina wankewa ina jin kamar ni na yi masa. Na ci gaba da zuwa duk Alhamis, ina ɗora ruwa duk Juma'a, ruwan yana hucewa a kan murhu.

Wata Asabar da hantsi, lokacin majalisa ba ta haɗu ba, na je shagon maganin nan in sayo masa abin shafawa. Mai shagon mutumin Zuru ne, Kirista, ya daɗe a Jibiya har 'ya'yansa Katsinanci suke yi. Abokin Baba ne na gaske, in Kirsimeti ta zo har gida ake kawo mana shinkafa. Na gaishe shi na faɗi abin da nake so, murya ƙasa-ƙasa.

"Na babanki ne ko? Na ga ƙeyar nan. Na ce masa kilifa ba tasa ba ce, ya ƙi ji." Ya juya yana dube-dube a kanta. "Amma me zai yi. Tun da aka rufe boda tsohon nan ya daina zuwa."

"Wane tsoho?"

"Wanzaminsa mana, na garin Ɗan Isa, can tsallaken boda. Mai ɗingishin nan. Ke ba kya gida ne in ya zo? Ai da sassafe yake zuwa, in ji babanki, ya gama ya juya kafin rana ta yi." Ya ajiye maganin a gabana. "Hannu ke nan, 'yata. Ni ban taɓa ganin aski irin wannan ba. Kai kamar an wanke ƙwarya, ba yanka ko ɗaya, ba ƙurji. Shekara nawa muna roƙon babanki ya turo mana shi, ya ce tsohon ba ya ƙara mutane. Sabulunsa ma wai daga Maraɗi yake zuwa da shi, irin na Faransawa."

Na ce, "Haka ne."

"Rowa ce kawai irin ta babanki. Da aka rufe ɗin nan, ai mun tasa shi gaba. Wani mai hatsi a majalisarmu yana da ɗiya da ke aure a Ɗan Isa, ya ce in tsohon ta daji yake biyowa a ba shi saƙon magani ya kai mata. Wani ma ya ce zai kwana a zaurenku ya tare shi. Sai babanki ya ce a'a, tsohon mai bin doka ne, ba ya bin daji da ƙafar nan tasa, sai an buɗe." Ya yi dariya. "Allah ya sa a buɗe, ko don ƙeyar nan."

Na ce amin. Na karɓi maganin na fito. Na bi ta bayan tasha don kada in haɗu da wanda zai gaishe ni. Ina tafe ina jin muryar Baba yana cewa in tura ƙofa, iska na busar da kumfa. Ɗakinsa ko taga ɗaya ba ta kallon inda iska ke fitowa. Shekara uku ina tura ƙofar nan da hannuna.

Inna na madafa tana gyaran zogale. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Inna, wane ne wanzamin Ɗan Isa?"

Hannunta ya tsaya. Sannan ta ci gaba da tsinka. "Wa ya faɗa miki?"

"Kin sani kenan."

"Ke yarinya ce har yanzu. Kina so ya zauna cikin maza ya ce ɗiyarshi ke ɗora mashi reza a ka? Kin san abin da za su ce? Su ce mata sun gama da shi a gida. Su ce ina hannunshi. Aski na wanzamai ne, kowa da abin da aka san shi da shi."

"Da ya faɗa mini."

"Ya faɗa miki ki yi mi? Ki yi kuka a rasa mai yi?"

Yaya ya shigo ana haka, ya tsaya ya saurara, ya gane. Maimakon ya ji kunya sai ya fashe da dariya har yana dafa bango. "Ɗingishin nan ni na sa mashi," ya ce. "Wata rana suka tsare ni wai yaya kamanninshi. Na ce baƙi, dogo, yana jan ƙafa. Baba ya ji ya riƙe. Ke ba ki gode ba, na yi miki suna har Nijar."

"Kai, isa," in ji Inna, amma na ga bakinta yana motsi, dariyar take dannewa.

Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Ashe abin raha ne a gidan. Ashe in na tafi Katsina ranar Lahadi, sukan ce wanzami ya koma. Ni kaɗai ce ban san sunana ba. Kuma da ƙaryar ta zo ta matse, aka auna ni da ita, aka ga ita ta fi cancanta a tsare. Baba ya gwammace ya zauna da ƙeya tana ruwa, ya bar ni ina ɗanɗana sabulu a harshe ina neman laifin da ban yi ba, ina hawa hanyar nan duk mako, da dai mutanen majalisa su gane babu wani tsoho.

Ban tambaye shi ba. Na so, har na tsara maganar a raina sau da yawa, amma da na shiga ɗakinsa ya dube ni sai ta watse. Na ajiye masa maganin a kan tebur na ce safe da yamma. Ya ce, "Allah ya yi albarka." Washegari na koma makaranta.

Na daina zuwa Alhamis. Na fara shiga darasin Juma'a, malamin ya tambaya ko sabuwar ɗaliba ce, aka yi dariya. Nakan zauna a layin baya ina rubutu, in lokacin ya yi sai in ji hannuna yana neman abin yi. In na kira gida nakan gaida Inna, ta miƙa wa Baba, mu gaisa, ya tambayi karatu, in ce lafiya. Hutu ya zo na je na yi shi kamar baƙuwa. Kayan askin suna nan a saman kabad inda na bar su. Sabulun Gwaggo ya yi tauri ya tsage a gefe, irin yadda ake so. Ban taɓa shi ba. Ƙeyar Baba ta warke ta sake fesowa, ta bar baƙaƙen tabo. Ba wanda ya ƙara tayar da maganar, har Yaya.

Damina ta wuce, aka yi girbi, sanyi ya zo ya tafi. Zafi ya fara shigowa sai aka buɗe boda. A rediyon wata 'yar ɗakinmu na ji. A daren Laraba Inna ta kira ta ce, "Babanki na tambaya ko za ki shigo wannan makon."

"Shi ya ce?"

"Shi ya ce in tambaye ki."

Na yi niyyar in ce ina da jarrabawa. Sai na ga in ban je ba, ba zan taɓa ji daga bakinsa ba, kuma na gaji da jin abin daga bakin wasu. Na hau mota ranar Alhamis. A hanya muka riƙa wuce manyan motoci suna tafiya Magama, yaran mota a sama suna ɗaga hannu.

Da safe ina shara ya leƙo daga ɗaki ya ce, "Uwata, ɗauko kayan." Kamar jiya muka rabu.

Na ɗora ruwa. Na sauko da gwangwanin, na jiƙa buroshi, na kwance razuwar na sa sabuwar reza. Ya zauna a bakin gado ya cire hula. Kan ya yi tsiro ba daidai ba, wani wuri kilifa ta ci, wani wuri ta tsallake, ƙeyar duk tabo. Na fara rage shi da almakashi, na dafa masa tawul mai ɗumi, na shafa kan da tafin hannu na ji inda gashin ya kwanta. Bai sauya ba. Na tayar da kumfa na rufe kan da ita tun daga goshi. Ya lumshe ido ya sauke numfashi, kafaɗunsa suka saki.

Na koma bayansa, inda ba ya ganina, na ɗauki razuwar. Ban ɗora ba.

"Baba."

"Na'am."

"Na je shagon magani kwanakin baya. An ba ni labarin wanzaminka."

Bai buɗe ido ba. Hannunsa na dama da ke kan gwiwa ya ƙara rawa, ya ɗora na hagu a kai ya danne.

"Innarki ta faɗa mini," ya ce.

"Ba ka ce mini komai ba."

"Ba ki tambaye ni ba."

"To yanzu ina tambaya. In ka fita masallaci anjima, suka ga kanka, suka ce wa ya yi maka, me za ka ce?"

Kumfar ta fara zubowa ta gefen kunnensa. Na bar ta. A waje Inna ta daina daka, na san tana ji. Ina riƙe da ƙarfen ina jin nauyinsa, ina jira, don na yi wa kaina alkawari ba zan ɗora ba sai ya amsa, kowace iri ce.

"Mutumin Ɗan Isa zan ce, Uwata," ya ce a hankali. "Shekara uku ina ba su labarinshi, sun saba da shi, jiya ma sai da suka ce in gaishe shi. Ke ba su san ki ba."